Likitar Safa

Takalmin Kawu sabo ne. Da ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a falonmu na hango 'yar farar takardar shago manne a ƙasan na hagu, ko ƙura ba ta gama ɗauka ba. Na so in gaya masa, sai na tuna ba a gaya wa Kawu irin wannan. Na ajiye masa shayi a kan ƙaramin teburi, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa idonsa na kan bango, inda Umma ta rataye shaidar digirina.

Ban san zai zo ba. Ranar ce aka kira ni ganawar neman aiki a wani asibiti mai zaman kansa da ke kula da masu shanyewar ɓarin jiki. Mutum ɗaya suke so a sashen gashin ƙashi da motsa jiki, abin da na karanto ke nan a ƙasar waje. Tun da na dawo nake yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, kowa sai ya yaba digirin, ya ce za a neme ni, shi ke nan an shafa fatiha. Wannan ne wuri na farko da aka neme ni da gaske. Umma kaɗai na gaya wa, na kuma roƙe ta ta bar maganar a ɗaki. Amma Kawu yayanta ne ciki ɗaya, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, shi ya tsaya tsayin daka har na tafi karatu. A wurin Umma, ɓoye masa magana da cin amana duk ɗaya ne.

Ya kurɓi shayin ya ce ya zo ne ya kai ni da kansa. Ya yi bincike, matar da ke shugabantar sashen 'yar wani ce da ya yi aiki a ƙarƙashinsa shekarun baya, lokacin yana darakta. Ya ce ba a shiga irin wannan wuri tsirara, sai da babba a gaba, wanda bai san haka ba bai san duniya ba komai yawan takardarsa. Ya ce in je in canza mayafi, wannan ya yi kama da na 'yan aiki.

Na bi Umma kicin. Na tarar tana goge murhun da ba shi da datti, alamar ta san abin da ta yi. Na ce mata a hankali idan Kawu ya shiga wurin nan tare da ni, aikin ya tafi. Ta ce in ji tsoron Allah, dattijo ya baro gidansa da safiyar nan saboda ni. Na ce ai matar ta san maganar gidan tsofaffi, saboda wannan maganar ma ta kira ni. Umma ta saki tsumman, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta kama hannuna ta matse har sai da zobenta ya shige min fata.

"Auta, ki rufa min asiri. Ki bar shi ya yi maganarsa, ke ki yi shiru. Ai kin iya shiru."

Na iya kuwa. Tun ina ƙarama abin da ake yabona da shi ke nan.

Maganar gidan tsofaffi ita ta hana gidanmu da gidan Kawu sakewa tun dawowata. A can inda na yi karatu doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki na 'yan sa'o'i a mako. Wata malamarmu, wadda ta lura ina cin jarrabawa amma ina ɗari-ɗari idan aka ce in taɓa mara lafiya, ta kira ni gefe ta ce in nemi wurin da ake taɓa mutane kullum. Ta ce takarda za ta kai ni bakin ƙofa ne kawai. Haka na sami aiki a wani gidan kula da tsofaffi da ke ƙarshen layin motar da nake shiga zuwa makaranta. Na yi kusan shekara biyu a wurin.

A can na koyi ɗaga mutumin da ya fi ni nauyi da gwiwoyina, ba da ƙuguna ba. Na koyi tsayawa ta ɓangaren da ya mutu idan zan tayar da mutum, da jiran kalma ta fito daga bakin da ya karkace ba tare da na ƙarasa masa ba. Na koyi rubuta abin da ya faru a kan aikina yadda wadda za ta karɓe ni ba za ta yi ta lalube ba. Akwai babbar ma'aikaciyar gidan, mace mai faɗa kamar ta ci babu, wadda ta taɓa mayar da ni in sake gyara gado har sai da na yi kuka a banɗaki, saboda na bar ƙudundune ɗaya a zanin gado. Daga baya ta nuna min bayan wata tsohuwa da irin wannan ƙudundunen ya ci, ban sake kuka a kan gado ba. Umma ta san ina aikin, ta ce Allah ya taimaka, amma kar in yawaita faɗa.

Ranar da na bar wurin suka ɗauke ni hoto suka saka a shafinsu na intanet da kalmomin godiya. A hoton ina durƙushe ina saka wa wani tsoho safa, shi kuma ya dafa kafaɗata yana dariya da bakin da babu haƙori. Babbar 'yar Kawu ce ta tsinto shi. A gabanta muna ce mata Yaya, a bayanta kowa Rediyo yake ce mata, har ƙannenta. Ita ma ta so fita waje karatu, Kawu ya ce sakamakonta bai kai ba, ya tura ni. Ba ta taɓa ce min komai a kai ba, sai ranar da hoton ya faɗo hannunta. Ta saka shi a guruf ɗin dangi ta rubuta a ƙasa: ga likitarmu ta safa.

Kawu bai zo tarbata a filin jirgi ba. Da na je gaishe shi ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce abokansa na majalisa sun tambaye shi ko karatu ya tura ni ko aikatau. Wani ma ya ce da ya san abin ya yi masa yawa da sun haɗa masa gudummawa. Ya ce shekarunsa na aiki ba wanda ya taɓa kallon tsabar idonsa ya gaya masa ya gaza, sai da na jawo masa. Na buɗe baki zan ce ba yunwa ce ta kai ni ba, ya ɗaga hannu. Ya ce maganar ta mutu, an binne ta, duk wanda ya tono ta a gabansa ko a gaban wani ba shi ba shi.

To ita wannan maganar da aka binne ita ce shugabar sashen ta riƙe ni a kanta a waya. Digirin a numfashi ɗaya ta wuce shi. Sauran hirar duk a kan gidan tsofaffi muka yi ta.

Rediyo ce ta tuƙo Kawu, tana cikin mota tana jira, ta ƙi shigowa ta gaishe da Umma. Kawu ya zauna a baya, ni a gaba kusa da ita. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce likita ta ɗaura bel kar mu yi asarar ƙwararriya. Muka hau titi, ta tambaye ni ko na taho da safar ko asibitin ne ke bayarwa. Ta sauke gilashin ɓangarenta ta ce ita dai tun da na dawo wani wari-wari take ji idan na zauna kusa, ko hancinta ne. Na kalli hannayena. Kawu ya bar ta ta yi mai isarta, sai da muka tsaya a danja ya ce ya isa, maganar da aka binne ko da wasa ba a tono ta.

Daga nan ya shiga ba ni umarni. In shiga a bayansa. In gaishe ta in zauna inda aka nuna min. Kar in yi magana sai ya juyo ya kalle ni. Ya ce irin waɗannan matan da suka sami kujera suna son a nuna musu daga gidan da mutum ya fito, shi kuma ya san ta inda zai ɓullo mata.

Na juyo kaɗan na ce, "Kawu, akwai abin da ya kamata ka sani kafin mu shiga."

"Abin da ya kamata in sani na san shi tun ba a haife ki ba."

Na sake cewa Kawu, Rediyo ta taka burki da ƙarfi ba dalili, ta ce ana magana ina magana, ko shi ma a cikin karatun ne. Ta ce da ma an ce ɗan da ya sha ruwan wani gari sai a hankali. Na haɗiye sauran. Har muka isa abin sanyaya mota iska mai ɗumi yake busawa.

Asibitin tsohon gida ne mai hawa ɗaya da aka fasa bangayensa aka yi ɗakuna. A barandar da ke gaban ofishin shugabar akwai benci, masu neman aikin na zaune a kai, maza biyu da mace ɗaya, kowa rungume da jakar takardunsa, kowa shi kaɗai. Ni ce kawai na zo da rakiya kamar wadda za a saka a firamare. Macen ta dube ni, ta dubi Kawu da babbar rigarsa, ta taɓe baki ta matsa da jakarta.

Kawu ya tsaya a kan sakataren ya ce a gaya wa shugaba Darakta ya iso. Sakataren, wani siriri mai tabarau, ya ɗago ya tambaya cikin ladabi, daraktan ina. Rediyo ta ce in bai sani ba ya tambayi ubansa. Sakataren ya mayar da kansa kan kwamfuta ya ce ana bin layi ne, kuma mu ne ƙarshe. Aka kawo wa Kawu kujerar roba, ya dube ta kafin ya zauna.

Daga inda nake ina hango ɗakin motsa jiki, ƙofarsa a buɗe. Akwai dogayen ƙarafa biyu a jere, wani dattijo sa'an Kawu yana tsakaninsu, ya riƙe ɗaya da hannunsa mai rai yana jan ƙafar dama kamar ba tasa ba. Ma'aikaci na riƙe da ɗamarar da aka ɗaura masa a ƙugu. Wata mata, ina jin 'yarsa ce, tana bin su da tawul tana goge masa yawu. Duk takun da ya yi sai ya tsaya ya zagi ma'aikacin da rabin baki, ma'aikacin ya ce madalla, saura ɗaya. Warin wurin na san shi, man shafawa da sabulun wanke ƙasa da jikin da ya daɗe a kwance. Ban san na yi kewarsa ba sai da na shaƙe shi. Kawu ya ja kujerarsa ya juya ta ta fuskanci taga.

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga suka fito. Ba wanda ya daɗe. Na biyun ya fito yana gyara abin wuyansa yana ƙunƙuni, wai ita aikin likita take nema ko na mai raino. Da aka kira ni Kawu ya riga ni tashi.

Shugabar gajeriya ce, furfura ta leƙo ta gaban ɗankwalinta, hannun farar rigarta a naɗe har gwiwar hannu. Ofishin ƙarami ne, teburi da kujeru biyu, da wurin wanke hannu a kusurwa da madubi a samansa. Ta yi rabin tashi saboda shekarun Kawu, ta ce ganawar ta mutum ɗaya ce, ranka ya daɗe. Kawu ya ce ya sani, ya zauna. Na zauna a ɗayar kujerar. Rediyo ta shigo ta jingina da ƙofa, waya a hannu.

Ya faɗi sunan mahaifinta, ya ce yaronsa ne, shi ya sa hannu aka ƙara masa girma har sau biyu. Ta ce ya rasu. Kawu ya ce Allah ya jiƙansa, bai ji ba. Ta ce amin, ai ya sha ba su labarin wannan ofishin. Yadda ta faɗa ba irin na yabo ba ne, amma Kawu ya gyaɗa kai ya gyara zama.

Ya ɗauko tarihi tun daga kakanmu. Ya faɗi yadda Baba ya rasu ya bar ni ina rarrafe, yadda ya ɗauke ni kamar 'yar cikinsa, yadda ya zaɓe ni a kan nasa 'ya'yan ya tura ni inda ake karatu na gaskiya. Na ji Rediyo ta sauya ƙafa a bayana. Shugabar tana juya biro tsakanin yatsunta, tana duban agogon bango ba tare da ta ɓoye ba. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu ya bi ta kanta. Ni kuwa ina addu'a a zuci ya tsaya a nan, ya gama da digiri ya yi sallama.

Bai tsaya ba. Ya sunkuyo ya dafa teburinta.

"Abin da nake so ki riƙe shi ne, yarinyar nan 'yar gidan mutunci ce. Tun da ta tafi har ta dawo ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba. Karatu aka tura ta, karatu ta yi. Ba irin 'ya'yan da ake sakewa su je su zama bayin wasu ba ce. Hannun nan nata ko tsintsiyar wani bai taɓa riƙewa ba."

Biron ya daina juyawa. Shugabar ta dube ni a karon farko tun da muka shigo, kallo mai tsawo, sannan ta mayar da idonta kan Kawu. Ta ce abin da mamaki, domin yarinyar nan da bakinta ta gaya mata a waya ta yi kusan shekara biyu tana aiki a gidan tsofaffi. Ta ce dalilin kirana ke nan. In don digiri ne, ga su nan a durowa har sun hana ta rufuwa, wasu ma sun fi nawa kyau.

Na dubi Kawu. Na ɗauka zai juyo ya kalle ni, bai juyo ba. Sai ya yi dariya, irin wadda manya ke yi idan yaro ya yi ɓarna a gaban baƙo. Ya ce yarinta ce. 'Ya'yan yanzu idan suna neman aiki sai sun ƙara gishiri, ta ji an ce irin abin da ake so ke nan shi ya sa ta ƙirƙira. Ya ce shi ya riƙe ta, ya fi kowa sanin abin da ta yi da wanda ba ta yi ba. Ya ce a yi mata afuwa, shi ya ba da haƙuri a madadinta.

"To ka hutar da ni, ranka ya daɗe," in ji shugabar. Ta rufe fayil ɗina. "Wanda zai yi min ƙarya a waya zai yi min a kan mara lafiya. Zai ce ya juya shi bai juya ba, sai na zo na tarar da bayan mutum ya ruɓe. Ba na ɗaukar irinsu ko 'ya'yan wane ne."

Kawu ya ce ba ta fahimce shi ba. Ta ce ta fahimta sarai, ɗayanmu ne ba ya faɗin gaskiya, shi kuma ya gaya mata wane ne. Ta tura fayil ɗin gefen teburi inda na sauran yake. Sannan ta juyo gare ni da fuskar da ba tausayi a cikinta.

"Ke ba ki da baki ne? Ko a gida aka bar shi?"

Inda zoben Umma ya shige min yana nan ja a bayan hannuna. Na san duk abin da ya fito daga bakina, kafin mu kai mota ya isa kunnen dangi kaf, Rediyo ba ta jingina da ƙofar nan don Allah ba. Na san Umma ce za ta sha zuwa gidan Kawu tana durƙuso. Na dubi gefen fuskarsa. Ya san gaskiyar, ya ga hoton, ya zaɓi a kira ni maƙaryaciya a gaban baƙuwa da a ce ya gaza. Kuma ya tabbata zan bar shi a haka, shi ya sa ko kallona bai yi ba.

Na ce na yi aikin. Muryar ba ta fita ba, shugabar ta ce ba ta ji ba.

"Na yi aikin. Abin da na gaya miki a waya haka yake."

"Auta," in ji Kawu. Tun da na dawo bai kira ni da wannan sunan ba, 'yar nan yake cewa.

Shugabar ba ta sassauta ba. Ta jawo fayil ɗin amma ba ta buɗe ba. Ta ce tunda magana ta zama biyu sai ta ji da kunnenta, a gaban wanda ya ƙaryata ni. Ta tambaye ni ko na yi wa tsofaffin wanka. Na ce na yi. Maza da mata? Na ce maza da mata. Ko na canza wa babban mutum ƙunzugu, na wanke shi, na shafa masa mai? Na ce kullum. Ko na kwashe amai, ko na yanke farcen ƙafa, ko na taɓa zama da wanda ke cikawa har ya cika? Na ce e, na ce e, na ce sau da yawa. Kowace amsa sai na ji kamar na ɗora wa Kawu bulo a ka, amma tambayoyin ba su ba ni wurin laɓewa ba, kuma daga ta uku muryata ta daina rawa.

Ta ce idan mai shanyewar ɓarin hagu ya zame tsakanin gado da keken guragu ina ni kaɗai a ɗakin, me zan yi. Na gaya mata ba zan ɗaga shi ba, zan bi shi ne mu sauka ƙasa tare in kare kansa, in duba shi a nan inda yake, sannan in kira wani. Ta ce in ya zage ni fa. Na ce zagin yana nuna yana numfashi. Gefen bakinta ya motsa kaɗan, ba ta bari ya zama murmushi ba. Ta nemi sunan babbar ma'aikaciyar gidan da yadda za ta same ta, na faɗa mata, ta rubuta a bayan fayil ɗin. Ta ce za ta kira, kuma idan ta ji saɓanin haka kar in bari mu haɗu ko a hanya.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce wa shugabar ya kamata ta san a gaban wa take irin waɗannan tambayoyin. Ta ce ta sani, shi ya sa tun farko ta ce ganawar ta mutum ɗaya ce. Ta ce aikin da ake yi a gidan nan ke nan daga safe har yamma, ita ma da hannunta take yi, kuma duk wanda ya ga abin kunya ne ya roƙi Allah kar ya kwantar da shi.

Rediyo ta ɗago daga jikin ƙofa. Ta ce wa mahaifinta ya tashi su tafi, an gama kwance musu zani a kasuwa, abin da ake samu ke nan idan aka ɗauki ɗan wani aka fifita a kan na ciki. Ta matso ta sunkuyo daidai kunnena, turarenta ya cika min hanci.

"Butulu. Ki nemi motar da za ta mayar da ke, likitar safa."

Ta fita ta bugo ƙofar, amma ƙofar irin mai rufe kanta a hankali ce, ta ƙi buguwa. Muna jin ƙarar takalminta a baranda, da muryarta ta riga ta fara magana a waya.

Kawu bai tashi ba. Hannayensa na kan gwiwoyinsa, yana kallon gefen teburin.

Shugabar ta buɗe fayil ɗin ta yi 'yar alama a ciki. Ta ce za ta gwada ni wata ɗaya, ba don kowa ba, kuma ba ta yi min alkawarin komai bayan nan ba. Ta ce ranar da na sake zuwa mata da ɗan rakiya in tsaya daga bakin geti. Dattijon da ke ɗakin motsa jiki ya kori ma'aikata biyu a makon nan, in je ta ga yadda zan yi da shi yanzu, tana tafe. Ta nuna min kusurwa da biro ta ce in cire zoben hannuna da agogo in wanke hannu.

Na tashi. Dole sai na bi ta gaban Kawu kafin in kai wurin, ya janye ƙafafunsa ya ba ni hanya ba tare da ya ɗago ba. Na naɗe hannun rigata, na buɗe famfo, na shafa sabulu har gwiwar hannu yadda aka koya min. Ina so in juyo in ce masa wani abu, ban san me zan ce ba wanda ba zai zama ƙari ba.

A madubin na gan shi. Ya dafa gwiwoyinsa ya miƙe a hankali, ya tattara babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa. Ya ɗan tsaya yana duban bayana, ruwa na zuba a hannuna. Shugabar ta ce a sauka lafiya, ranka ya daɗe. Ya buɗe ƙofar da kansa ya fita, ƙofar kuma ta bi bayansa tana rufuwa a hankali.